Ba Duka Aka Taru Aka Zama Ɗaya Ba: Yadda 'Yan Afganistan Ke Kallon Ƙasashen Waje da Masu Ɗauke da Makamai

A watan Oktoba na 2025 abubuwa biyu sun faru a mako guda waɗanda suka ɗaure wa masu bin labaran duniya kai. Ministan harkokin wajen gwamnatin Taliban, Amir Khan Muttaqi, yana birnin Delhi ana karɓarsa hannu bibbiyu, a daidai lokacin da mayaƙan Taliban da sojojin Pakistan ke ɓarin wuta a kan iyaka, har sai da Katar da Turkiyya suka shiga tsakani aka tsagaita. Duk wanda ya daɗe yana jin cewa Pakistan ce ta reni Taliban, Indiya kuwa ba ta ga-maciji da su, abin ya zo masa a baibai. Wata uku kafin nan ma Rasha ce ta zama ƙasa ta farko da ta amince da gwamnatin Taliban a hukumance, alhali magabaciyarta Tarayyar Sobiyet ce iyayen waɗannan mayaƙa suka shafe kusan shekara goma suna yaƙa.

Wannan lissafin shugabanni ne. Akwai kuma lissafin talakan ƙasar, wanda aka yi shekara arba'in da 'yan kai ana gwabza yaƙi a gonarsa da ƙofar gidansa. Daga nesa an fi kallonsa da ido ɗaya. A Oktoban 2001, da Amurka ta fara ruwan bama-bamai a Afganistan, an yi zanga-zanga a Kano wadda ta rikiɗe ta zama tarzoma, kuma tun daga lokacin da yawa a nan suka ɗauka cewa al'ummar ƙasar kaf tana bayan Taliban. A Turai da Amurka kuwa an fi yaɗa cewa mutanen na maraba da sojojin da suka zo ceto su. Bayanan da aka tattara a cikin ƙasar tsawon shekarun yaƙin sun nuna wani abu daban da waɗannan biyun.

## Su wane ne ake magana a kansu

Ba a taɓa kammala cikakkiyar ƙidayar jama'a a Afganistan ba, ko yunƙurin da aka yi a 1979 bai game ko'ina ba. Abin da aka yarda da shi shi ne Pashtun ne ƙabila mafi yawa, galibinsu a kudu da gabas, kuma daga cikinsu mafi yawan sarakuna da shugabannin ƙasar suka fito tun zamanin Ahmad Shah Durrani a 1747. Sai Tajik a arewa maso gabas da manyan birane irin su Herat da Kabul, sai Hazara waɗanda galibinsu 'yan Shi'a ne a tsaunukan tsakiyar ƙasar, sai Uzbek da Turkmen a arewa. Kusan kashi uku cikin huɗu na jama'ar a karkara suke.

Su ma masu ɗauke da makaman kala-kala ne. Mujahidai su ne ƙungiyoyin da suka yaƙi Sobiyet daga 1979, daga baya suka juya wa juna bindiga. Taliban, wato ɗalibai, sun ɓullo a Kandahar a 1994 ƙarƙashin Mullah Umar, kuma akidarsu ta samo tushe daga makarantun Deobandi na mazhabar Hanafiyya. Ɓangaren Haƙƙani reshe ne na Taliban a gabas wanda ya yi suna wajen kai hare-haren ƙunar baƙin wake a Kabul. Al-Ƙa'ida ƙungiyar baƙi ce, akasari Larabawa. Ƙungiyar IS reshen Khurasan, wadda mutanen ƙasar ke kira Da'ish, ta bayyana a 2015. TTP kuma Taliban ɗin Pakistan ce, an kafa ta a 2007 don yaƙar gwamnatin Pakistan. Akwai kuma 'yan sa-kai na ƙauyuka da ake kira arbaki, waɗanda gwamnati da Amurka suka bai wa makamai, musamman daga 2010.

## Tsohon miki

Ingila ta yi yaƙi uku da Afganistan: 1839 zuwa 1842, 1878 zuwa 1880, da kuma 1919, shekarar da Sarki Amanullah Khan ya karɓo cikakken 'yancin ƙasar. Labarin yadda aka hallaka rundunar Ingila da ke janyewa daga Kabul a 1842 yana cikin abin da kowane yaro ke tashi da shi. Shi ya sa da aka tura sojojin Birtaniya lardin Helmand a 2006, kusa da Maiwand inda kakanninsu suka sha kashi a 1880, mutanen yankin da dama suka ɗauka ramuwar gayya ce ta kawo su.

Duk da haka ba kowace hulɗa da baƙi ce ta bar tabo ba. A shekarun 1950 da 1960 Amurka da Sobiyet gasar gine-gine suka yi a ƙasar. Amurkawa suka gina madatsar ruwa ta Kajaki da birnin Lashkar Gah, Sobiyet kuma ta fasa dutsen Salang ta yi hanyar da ta haɗa Kabul da arewa a 1964. Dattawa na tuna wannan zamanin da alheri. Abin ya ɓaci ne bayan juyin mulkin 'yan gurguzu na Afrilun 1978 da shigowar sojojin Sobiyet a Disambar 1979. Kafin su fita a Fabrairun 1989, an ƙiyasta mutum kusan miliyan ɗaya sun mutu, sama da miliyan biyar sun yi hijira zuwa Pakistan da Iran. Kuɗin Amurka da na Saudiyya da ake bai wa mujahidai ta hannun hukumar leƙen asirin Pakistan, ISI, yake bi, ita ke zaɓar wanda za ta fifita, kuma ta fifita Gulbuddin Hekmatyar, ɗaya daga cikin jagororin mujahidan.

Bayan faɗuwar gwamnatin Najibullah, wadda Sobiyet ta bari a kan mulki, a 1992, mujahidan da suka yi nasara suka mai da Kabul kufai da rokoki. Wannan ne ya sa aka yi wa Taliban maraba a wurare da yawa da farko, don sun kawar da shingayen da ake tare matafiya ana ƙwace musu kuɗi da mutunci. Amma mulkinsu na 1996 zuwa 2001 ya bar nasa mikin: hana mata karatu da aiki, kisan ɗimbin 'yan Hazara a Mazar-i-Sharif a 1998, da ƙone gonaki a filin Shomali da ke arewacin Kabul. Mutumin Kandahar da mutumin Bamiyan, yankin 'yan Hazara, idan aka ce musu "zamanin Taliban", ba abu ɗaya suke tunawa ba.

## Abin da ƙuri'un jin ra'ayi suka nuna

A ƙarshen 2005 kafar yaɗa labarai ta ABC ta Amurka ta gudanar da binciken jin ra'ayi a faɗin ƙasar. Kashi 83 cikin ɗari suka ce suna kallon Amurka da idon alheri, kusan tara cikin goma kuma suka ce kifar da Taliban abu ne mai kyau. Zuwa farkon 2009, a irin wannan bincike da ABC ta yi tare da BBC da ARD ta Jamus, masu yi wa Amurka kallon alheri sun koma kashi 47. Gidauniyar Asia Foundation, wadda ta riƙa yin nata binciken kusan kowace shekara har 2019, ta samu a 2009 cewa kashi 56 na da wani tausayi ga ƙungiyoyin da ke yaƙar gwamnati, mai yawa ko kaɗan. A 2019 waɗanda suka ce suna tausaya wa Taliban ba su wuce kashi 13 da ɗoriya ba, kashi 85 suka ce sam ba su da tausayinsu.

Waɗannan alƙaluma suna da amfani, amma a kama su da hattara. Baƙo ne ke zuwa ƙauye da takarda a hannu yana tambayar magidanci ra'ayinsa a kan mutanen da za su iya ziyartarsa da dare. Mai amsar bai san ko ɗan leƙen asirin gwamnati ne a gabansa ba, ko na Taliban, ko kuwa ma'aikacin agaji ne da amsa mai daɗi za ta sa ya kawo rijiya. Ga kuma gundumomin da masu tambayar ba sa iya shiga saboda rashin tsaro, sai a musanya su da wasu ko a tare mutanen da suka fito daga can a kasuwa ko tasha. Wuraren da Taliban ta fi ƙarfi ke nan su ne aka fi ƙarancin jin muryarsu.

Wasu masana uku daga jami'o'in Amurka, Jason Lyall da Graeme Blair da Kosuke Imai, sun bi wata dabara a 2011 a ƙauyuka 204 na larduna biyar da Pashtun suka fi yawa. Maimakon a tambayi mutum kai tsaye wa yake so, sai a karanta masa wata shawara, misali ta gyaran gidajen yari, a nemi ra'ayinsa. Wasu a karanta musu ita kaɗai, wasu a ce musu Taliban na goyon bayanta, wasu kuma a ce rundunar ƙasashen waje ce ke goyon baya. Bambancin amsoshin shi ke nuna inda zuciya ta karkata ba tare da kowa ya tona kansa ba. Sakamakon da suka wallafa a 2013 ya nuna cewa idan sojojin waje suka cutar da mutum, goyon bayansa gare su na raguwa, na Taliban kuma na ƙaruwa. Idan kuwa Taliban ce ta cutar da shi, hakan ba ya sa ya koma wajen sojojin waje. Ma'auni biyu ake amfani da su, ɗaya na ɗan gida, ɗaya na baƙo. Wannan bincike a yankin Pashtun kaɗai aka yi shi, don haka ba za a shimfiɗa shi a kan Panjshir, yankin 'yan Tajik, ko Bamiyan ba.

## Yadda farin jinin Amurka ya zube

Kuskuren ya faro tun daga tushe. A taron Bonn na Disambar 2001, inda aka kafa gwamnatin Hamid Karzai, ba a gayyaci Taliban ba, kuma madugan yaƙin da jama'a suka tsana tun shekarun 1990 su ne suka dawo a matsayin gwamnoni da ministoci da shugabannin 'yan sanda. Da yawansu sun yi amfani da Amurkawa wajen gamawa da abokan hamayyarsu na ƙabila ko na rikicin fili: a kai rahoton cewa wane ɗan Taliban ne, sai a wayi gari yana tsare a Bagram ko Guantanamo.

Sai samamen dare. A al'adar Pashtun, baƙon namiji ya ɓalle ƙofa ya kutsa har ɓangaren mata, wani lokaci da karnuka, cin mutunci ne da kuɗin diyya ba ya wankewa, kuma ɗaukar fansa wajibi ne a kan dangi. Hare-haren sama su ma sun yi ta faɗa wa fararen hula: bikin aure a Uruzgan a Yulin 2002, ƙauyen Azizabad a Herat a 2008, tankokin mai a Kunduz a 2009 bisa umarnin wani hafsan Jamus, asibitin ƙungiyar likitoci ta MSF a Kunduz a Oktoban 2015 inda mutum 42 suka mutu. A 2012 aka ƙona kwafin Alƙur'ani a sansanin Bagram, ƙasar ta ɗauki zafi, bayan 'yan makonni kuma wani sojan Amurka ya kashe mutum 16 a Panjwai, da yawansu yara.

Masu kare rawar da Amurka ta taka suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasar, UNAMA, wanda ya fara ƙirga fararen hular da yaƙin ya shafa a 2009, ya nuna cewa a mafi yawan shekaru Taliban da sauran masu tayar da ƙayar baya ne suka fi kashe fararen hula, ta hanyar nakiyoyin gefen hanya da ƙunar baƙin wake. Hukumar UNESCO ta ce yara 'yan makaranta sun ƙaru daga kimanin miliyan ɗaya a 2001 zuwa kusan miliyan goma a 2018. An samu gidajen rediyo da talabijin masu zaman kansu, wayar salula ta game ƙasa, mata sun shiga majalisa. Sai dai UNAMA ɗin ce kuma ta ba da rahoton cewa a wata shidan farko na 2019 dakarun gwamnati da ƙawayensu sun fi masu tayar da ƙayar baya kashe fararen hula.

Ribar da asarar ba wuri ɗaya suka sauka ba. Ɗalibar jami'a a Kabul ko Herat ta ga makaranta da aikin yi, abin da take tsoro shi ne bam ɗin Taliban a hanya. Manomi a Sangin ko Panjwai jirgi marar matuƙi ya sani da samamen dare da nakiya a bakin gona. Kowannensu gaskiyarsa yake faɗa.

## Me ya sa wasu suka jure wa Taliban

Goyon baya iri-iri ne. Akwai wanda ya yarda da akidar, yana ganin jihadi ne a kan kafiran da suka mamaye ƙasar Musulmi. Akwai wanda aka kashe masa ɗan'uwa. Akwai wanda ƙabilarsa aka ware daga muƙamai da kwangila. Akwai kuma mai tsoro kawai, wanda aka jefa masa wasiƙar gargaɗi da dare, ya ga abin da ya sami malamin makaranta ko dagacin da ya ƙi ji. Mafi yawan mutanen karkara gaba kura ce baya siyaki: da rana gwamnati, da dare Taliban, kowa na neman abinci da labari.

Abin da ya fi jawo wa Taliban karɓuwa a aikace shi ne kotunansu. Rikicin fili ko na ruwan ban-ruwa da zai shekara da shekaru a kotun gwamnati ana karɓar na goro daga ɓangarorin biyu, alƙalin Taliban kan yanke shi cikin 'yan kwanaki, kuma ba wanda ke da ƙarfin halin ƙin bin hukuncin. Gwamnati kuwa ta yi ta zubar da mutuncinta: badaƙalar Bankin Kabul a 2010 ta kusan dala miliyan 900, sojojin bogi da ake karɓar albashinsu, 'yan arbaki da suka zama annoba ga ƙauyukan da aka ce su tsare, da zaɓukan da kowanne ya ƙare cikin zargin maguɗi. A zaɓen shugaban ƙasa na 2019 ƙuri'u kimanin miliyan 1.8 kacal aka ƙirga.

Akwai kuma ra'ayin da ba a cika ambata ba, na waɗanda suka gaji da kowa. A 2018, bayan tashin bam a filin wasa na Lashkar Gah, wasu mutanen Helmand suka tako a ƙafa kimanin kilomita 700 zuwa Kabul, cikin azumi, suna neman a daina yaƙi. Da suka isa sun yi zaman dirshan a ƙofar ofisoshin jakadancin ƙasashe, ciki har da na Amurka da Rasha da Pakistan. A Ƙaramar Sallar shekarar aka tsagaita wuta na kwana uku, mayaƙan Taliban suka shigo birane suna rungumar sojoji ana ɗaukar hoto.

Shi ya sa ake saɓani a kan ma'anar abin da ya faru a Agustan 2021, lokacin da manyan biranen larduna suka faɗi ɗaya bayan ɗaya daga ranar 6 ga wata har Kabul ranar 15. Taliban na cewa shaida ce ta goyon bayan jama'a. Masu adawa da su na cewa yarjejeniyar Doha ta 29 ga Fabrairun 2020, wadda Amurka ta ƙulla da Taliban ba tare da gwamnatin Kabul ba, ita ta karya gwiwar sojoji. Abin da aka gani a gundumomi da yawa shi ne dattawan gari ne suka shiga tsakani aka miƙa wuya ba tare da faɗa ba, don ba wanda ke son ɗansa ya mutu saboda gwamnatin da kowa ya ga ta kusa tafiya.

## Pakistan, maƙwabciyar da aka fi zargi

Idan akwai abin da ɗan boko na Kabul da ɗan Panjshir da ɗan kishin Pashtun suka haɗu a kai, to zargin Pakistan ne. A binciken jin ra'ayi na shekarun yaƙin ta sha zuwa can ƙasa, bayan Amurka da Birtaniya da Iran. Asalin abin iyaka ce. A 1893 Ingila da Sarki Abdur Rahman Khan suka shata layin Durand, mai tsawon kimanin kilomita 2,600, wanda ya raba ƙasar Pashtun gida biyu. Tun kafuwar Pakistan babu gwamnatin Kabul da ta amince da shi a matsayin iyaka ta dindindin, har Taliban. Afganistan ce kaɗai ta kaɗa ƙuri'ar ƙin shigar Pakistan Majalisar Ɗinkin Duniya a 1947.

Ita Pakistan tana tsoron a wayi gari Indiya na gabanta, gwamnatin da ke ɗasawa da Indiya kuma na bayanta, don haka ta riƙa neman masu biyayya gare ta a Kabul. Bayan 2001 shugabannin Taliban a birnin Quetta na Pakistan suka fake, 'yan Haƙƙani a Waziristan ta Arewa, Usama bin Ladan kuma a Abbottabad aka kashe shi a 2011. Da Kabul ta faɗi, Firaministan Pakistan na lokacin, Imran Khan, ya ce 'yan Afganistan sun tsinka sarƙar bauta, shugaban ISI na lokacin kuma aka ɗauke shi hoto yana shan shayi a wani otal na Kabul. Cikin 'yan kwanaki mutane, da yawansu mata, suka fito titi suna la'antar Pakistan.

Abin da ba a lura da shi daga nesa ba shi ne su kansu Taliban na da ƙullin Pakistan a rai. Ita ce ta miƙa jakadansu Mullah Abdus Salam Zaif ga Amurka, ta kuma tsare Mullah Baradar, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, daga 2010 har 2018. Da suka hau mulki sun ƙi murƙushe TTP, waɗanda suka yi zaman gudun hijira da yaƙi tare. Hare-hare suka ƙaru a cikin Pakistan, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Kuma duk lokacin da jiragen Pakistan suka kai hari a Khost ko Paktika, Taliban na samun wani irin goyon baya na kishin ƙasa har daga waɗanda ba sa ƙaunar mulkinsu.

A yi wa Pakistan adalci: ta karɓi miliyoyin 'yan gudun hijira tsawon shekara arba'in. A sansanoninta matasa suka koyi wasan kurket da ƙasar ke alfahari da shi yanzu, a asibitocin Peshawar marasa lafiya ke neman magani. Mutane da yawa na bambanta talakan Pakistan da hafsoshin sojanta.

## Indiya, Iran da sauran

Indiya ta fi kowace ƙasa farin jini a shekarun jamhuriya, wato kafin dawowar Taliban a 2021, a wani binciken ABC da BBC da ARD kimanin kashi 70 suka yaba mata. Ba ta tura sojan yaƙi ba. Ta gina majalisar dokoki a Kabul, da madatsar Salma a Herat, da hanyar Zaranj zuwa Delaram, ta ba ɗalibai guraben karatu, finafinanta kuma sun cika gidaje. Kasancewarta abokiyar hamayyar Pakistan ma ya ƙara mata daraja. Farin jinin ya ɗan dusashe bayan 2021 da ta soke bizar 'yan ƙasar, ɗalibai da marasa lafiya suka rasa hanya.

Iran kuwa tsakaninta da su akwai harshe da addini da kuma jin haushi. Miliyoyi sun yi aikin ƙarfi a can, sun dawo da labarin wulaƙanci. Ana jayayya a kan ruwan kogin Helmand duk da yarjejeniyar 1973, har an yi musayar wuta a iyaka a Mayun 2023. Iran ta kuma ɗebi matasan Hazara cikin rundunar Fatimiyyun zuwa yaƙin Siriya. Turkiyya da Jamus sun samu kyakkyawan suna gwargwado, Sin kuma kallon 'yar kasuwa ake yi mata mai ido a kan ma'adinai, irin tagullar Mes Aynak.

## Al-Ƙa'ida da Da'ish

Mayaƙan Larabawa ba su taɓa samun gindin zama a zukatan jama'a ba. Tun zamanin jihadi ake kuka da yadda suke raina al'adun mutane da ziyarar ƙaburburan waliyyai. Su suka kashe Ahmad Shah Mas'ud, kwamandan Panjshir da ke yaƙar Taliban, ranar 9 ga Satumban 2001, kuma da yawa na ganin baƙuncin Usama ne ya jawo wa ƙasar mamaya. Ko taron malaman da Mullah Umar ya kira a watan ya ba da shawarar a roƙi Usama ya bar ƙasar don kansa.

Da'ish ta fi kowa baƙin jini. Tsofaffin kwamandojin TTP ne suka kafa ta a Nangarhar, ta fara da tarwatsa dattawan ƙabila da nakiya a gundumar Achin tana ɗauka a bidiyo. Ta mai da 'yan Hazara abin farauta, kamar harin da ta kai wa masu zanga-zangar lumana a Deh Mazang a Yulin 2016 wanda ya kashe sama da mutum 80. Ita ce ta kai harin filin jirgin Kabul ranar 26 ga Agustan 2021, inda 'yan ƙasar kimanin 170 da sojojin Amurka 13 suka mutu. Taliban na kiransu Khawarijawa, suna yaƙarsu, kuma suna kafa hujja da hakan a gaban duniya. 'Yan Hazara na cewa kariyar ba ta isa ba, Salafawan Kunar da Nangarhar kuma na kukan cewa ana kama su da sunan farautar Da'ish.

## Inda abin ke ƙarewa a kan talaka

Tun 2021 auna ra'ayin jama'a ya ƙara wuya, don sukar hukuma na iya kai mutum kurkuku, 'yan jarida da yawa sun gudu, a ƙarshen Satumban 2025 ma an katse intanet a ƙasar baki ɗaya na kwana biyu. Abin da ake iya gani shi ne sakamako. A karkarar kudu an samu sauƙin tafiya da noma ba fargabar jirgi ko nakiya. A gefe guda an rufe wa 'yan mata makarantun gaba da aji shida, an hana su jami'a tun Disambar 2022, an kori mata daga ayyuka da yawa. Haramta noman furen da ake yin hodar iblis ta heroin da shi a 2022 ya rage nomansa da kashi 95 a shekara guda bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, amma ƙananan manoma da 'yan ƙodago sun rasa abin dogaro.

Haushin Amurka ya ɗauki sabon salo. Waɗanda suka yi aiki da ita na ganin ta yashe su. Riƙe kimanin dala biliyan 7 na babban bankin ƙasar a New York ya fusata har masu adawa da Taliban, don suna ganin kuɗin al'umma ne. Yanke tallafin Amurka a 2025 ya sa ɗaruruwan ƙananan asibitoci sun rufe, kuma mata masu ciki a ƙauyuka ne suka fi ji a jikinsu.

Maƙwabta ma sun juya baya. Pakistan ta fara korar 'yan Afganistan marasa takardu daga Nuwamban 2023, Iran kuma ta koro sama da miliyan ɗaya a 2025, musamman bayan yaƙinta da Isra'ila a watan Yuni. Da yawa daga cikin waɗanda ake saukewa a mashigun iyaka na Torkham da Islam Qala a can waje aka haife su, ba su da gida ko gona a ƙasar da aka ce tasu ce. Rufe mashigun Torkham da Chaman bayan faɗan Oktoban 2025 ya bar inabi da rumman na manoman Kandahar suna ruɓewa a cikin motoci. A watan Nuwamban shekarar Mullah Baradar, a matsayinsa na mataimakin firaminista kan tattalin arziki, ya umarci 'yan kasuwa su nemi wasu hanyoyin, ya ba masu shigo da magunguna daga Pakistan wa'adin wata uku su daina. Hanyoyin da suka rage a lokacin su ne tashar ruwa ta Chabahar a Iran da kuma ta Uzbekistan da sauran ƙasashen Asiya ta Tsakiya, waɗanda suka fi nisa da tsada ga 'yan kasuwar gabashi da kudancin ƙasar.